Tsinkayen Darar Alu Majemi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wannan takarda daga hannun mahaifinka take, a nan Bodinga, zuwa ga Baban Sa'adu. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya kai ka Jega lafiya, kai da iyalinka da kayanka, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙunta, Ya haɗa ka da mutanen kirki a can.

Bayan haka, na san za ka yi mamaki. Katanga ɗaya ce tsakanin zaurena da sashenka, amma ga ni ina rubuto maka takarda kamar wanda yake wata uwa duniya. Ka san dalili. Kai ne ɗan fari. Shekara arba'in da 'yan kai ban kira sunanka ba, ban zauna tabarma ɗaya da kai ba. In ka zo gaisuwa kana durƙushe daga nesa, ni ina kallon bango, maganarmu ba ta wuce "lafiya" da "madalla". Haka muka tarar, haka muka yi. To abin da ke cikina yau ya fi ƙarfin "madalla", shi ya sa na nemi tawada. Na ba Gwaggonka Kulu takardar tare da wani ƙunshi, na ce kada ta miƙa maka sai ka sa ƙafa a mota. Ka karanta a hankali, hannuna ya tsufa, wasu baƙaƙen sun hau kan wasu.

Ba zan koya maka sayen fata ba. Kai da kake gane fatar jar akuya da aka yi wa muguwar fiɗa tun tana kan mai ɗauke da ita, me zan ƙara maka? Ba a banza Baturen kanti ya tsallake mutum nawa ya ce kai za ka riƙe masa sayen fata a Jega ba. Na yi murna, ko da yake ban nuna ba. Wani abu ne dabam ya tayar mini da hankali.

Jiya da hantsi ana ɗaure kayanku na bi ta tsakar gida, na ga an ware abin da za a bari a gindin rumbu: tsohon turmi, tukunya mai tsaga, guntayen igiya. A kansu na hangi 'yar jakar nan taka ta ɗinkin hula. Na tambayi Kulu ko mantuwa aka yi. Ta ce, "Wace irin mantuwa, Yaya? Shi da bakinai yac ce can babu lokacin wagga wasa. Hular ga shekara biyu tana nan rabi, ko allurar bai zare ba." Ta ƙara da cewa matarka ta yi mata kuka, wai a tsaye kake cin tuwo, yara na ba ka labari kana gyangyaɗi, kuma ta manta rabon da ta ji dariyarka.

Na koma zaure na zauna. Wannan magana ta "babu lokaci" na san ta, daga bakina ta fara fita a gidan nan. Tsoro nake ji kada ka tafi Jega ka zama ni. Saboda haka bari in gaya maka abin da na yi da nawa tsakiyar rayuwar, ba don ka tausaya mini ba.

Ba ka san Alu Majemi sosai ba, kana ƙarami ya rasu. Mutumin Shagari ne, shi ke jeme 'yan fatun da ba na kai wa kanti. Gajere, mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kullum a rine da bagaruwa, ga barkwanci. Duk ranar kasuwar Shagari, in na gama saye na ɗaure kaya, aka yi la'asar, sai mu zauna a gindin tsamiyar da ke bakin hanya mu yi dara. Ya haƙa gurbi talatin a ƙasa, shi da tsakuwa goma sha biyu, ni da tsinke goma sha biyu da ya fere mini da kansa. Wanda ya jera uku ya ɗauke wa ɗan'uwansa ɗaya. Babu caca, babu komai, sai gori da dariya. Daga nan in hau hanyar Bodinga ina 'yar waƙata, in iso gida kamar ba ni na yini a rana ba. A lokacin ban san darar ce take sauke mini gajiya ba, na ɗauka ƙarfina ne.

Da yaƙin nan na Turawa ya taso, fata ta yi daraja, kanti ya ce ko nawa na kawo ana so. Na sayi keke, na ƙara jakuna. Da kasuwa uku nake ci a mako, sai na mayar da su biyar, daga baya na cike kwana bakwai ɗin cif, har Juma'a daga masallaci sai mahauta. Mutane suka fara cewa Garba ba ya zama, ni kuwa ina jin daɗin maganar kamar an naɗa ni sarauta. In na wuce masu hira a gindin itace sai in ce a raina, dubi marasa aikin yi. Kai ma na taɓa tarar da kai kana kallon dara a ƙofar gidan maƙera, na kore ka da tsumagiya, na ce ba a gidana za a yi zaman banza ba. Ban sani ba ko kana tunawa. Ni ina tunawa, kuma na yi kuskure.

Ga gargaɗina na farko. Kada ka auna darajarka da yadda mutane ke cewa ba ka zama. Masu faɗin haka ba su ne za su ɗauki gajiyarka ba. Kuma Bature ba zai taɓa ce maka ya isa ba, ba don mugunta ba, aikinsa ke nan. In ka kai masa ɗari zai yi murmushi ya tambayi ɗari biyu. Kai ne za ka cire rana guda, ko rabin rana, tun makon farko da ka sauka, ka sanar da kowa cewa wannan ba ta kanti ba ce. In ka bari sai ka zauna da gindinka tukuna, ka makara, domin sun riga sun saba da samunka kullum.

Wata ranar kasuwa muna tsakiyar wasa da Alu, na ci masa biyu ya ci mini uku, sai aka zo aka ce motar kanti ta tsaya a Bodinga, in na kai kaya kafin magariba za ta wuce da su Sakkwato. Na yi zumbur na miƙe. Alu ya riƙe bakin rigata ya ce, "Kai Garba, zamna mu ƙarasa wagga. Hwatun ga sun riga sun mutu, ba su sake mutuwa."

Na ce, "Alu, bari sai kasuwa mai zuwa, mota ba ta jira."

Ya dube ni ya dubi ƙasa, ya ce, "To, ni ka aje ta yadda take. Kada ka mance hwa, kai ad da wasa."

Kasuwa ta zagayo, na zo a gurguje. Na hange shi a gindin tsamiya, ya sake haƙa gurabun, ya jera tsakuwarsa da tsinkayena daidai yadda muka bar su, ko ɗaya bai gusa ba. Na ɗaga masa hannu daga kan keke na ce sai mako mai zuwa. Ya yi dariya ya ce ba komi. Mako mai zuwa ma haka. Ruwa ya zo ya shafe gurabun, ya sake haƙawa. Awaki suka tattake, ya sake haƙawa. Wasu sukan zo su ce ya share su yi sabuwa da shi, sai ya haƙa musu wasu a gefe, ya ce wannan da mai ita. Har yaran kasuwa suka sa wa wurin suna darar Garba.

Damina uku ana haka. Ba wai ba na tsayawa ko kaɗan ba, nakan sauke ƙafa ɗaya daga keke mu gaisa, in karɓi fatun da ya jeme. Wata rana ya riƙe kan keken ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ka rame, Garba. Ni majemi na, na san hwata. Wadda ba a bari ta kwanta cikin bagaruwa ba, komi kyawonta, tsagewa takai." Na ce masa ya bar mini wa'azi, lokacin hutu na zuwa, bari dai yaƙi ya ƙare. Da gaske nake faɗa, ba yaudararsa nake ba. Kullum ina ganin kamar saura mako guda in sami sarari.

Ranar da na zo da niyyar zama, don wallahi ranar na zo da niyya, har goro na sayo mana, na tarar da gindin tsamiyar a shafe, akuya biyu kwance a wurin. Ƙanensa ya taso daga rumfar majema ya tare ni. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, an yi jana'iza shekaranjiya, sun aika Bodinga aka ce ina wata kasuwa. Ya ciro wata 'yar jakar fata ja daga aljihu ya ba ni, ya ce, "Yac ce in ka zaka a ba ka abinka. Yac ce a tuna maka, kai ad da wasa."

Na zauna a ƙasa a wurin, goro a hannuna. Ranar ce na fara zama a gindin tsamiyar nan cikin shekara uku, kuma babu wanda zan zauna da shi. Na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba. Har yau in na tuna, ba rasuwarsa ce ta fi ci mini rai ba, kowa da ranarsa. Haƙa gurabun nan ne da yake yi kowane mako, yana jera mini tsinkayena.

To ka ji na biyu. Hutun da ake cewa za a yi in abu kaza ya ƙare, ba a yin sa. Yaƙi ya ƙare, wani abu ya maye gurbinsa. In ka sami mutumin da zama da shi ke sanyaya maka rai, wanda ba ya neman komai a wurinka sai kai, kada ka riƙa ɗaga masa hannu daga kan keke. Ka sauka, ka jingine keken, ka zauna ko da na ɗan lokaci ne. A shekarunka irin waɗannan mutane sun fara ƙaranci, ba kamar lokacin samartaka ba da ko'ina ka juya aboki ne.

Kada ka zaci na yi hankali daga nan. Sai ma na ƙara dulmiya cikin aiki don kada in tuna. Ban cika shekara ba jiri ya kwashe ni a bakin sikeli, aka kawo ni gida a kan jaki kamar buhun gero. Wata biyu ina kwance. Masu zuwa dubiya suna cewa, ai Allah ne Ya ba ka hutu. Ba hutu ba ne. Jikina yana kan gado, hankalina yana kasuwa, ina lissafa wace kasuwa ke ci yau, wa ya saye fatun da ya kamata in saya. Na tashi daga ciwon da gajiyar da ta fi wadda na kwanta da ita. Saboda haka kada ka ce ai kana barci, ai ran da ba ka da lafiya kana kwanciya. Barci na jiki ne. Akwai wata gajiya da ba ta jin barci, sai mutum yana farke, hannunsa yana wani abu da yake so, babu mai jiransa. Kai Allah Ya ba ka wannan a allura da zare. Na sha leƙenka ta ƙofar zaure shekarun baya, kana gindin darbejiya da abokanka kuna ɗinki, fuskarka a sake. Ban taɓa gaya maka ba, amma ina jin daɗin ganin haka.

Kuskurena na gaba zai ba ka dariya, ka yi abinka, ba na kusa. Da na warke, mahaifiyarka ta matsa mini in sami abin da zan riƙa ɗebe kewa da shi. Na sayo tattabaru guda huɗu, na kafa musu tukwane a jikin katanga. Da yamma in watsa musu gero in zauna ina kallonsu suna sauka suna tashi. Wallahi na ji sauƙi, har na fara yi musu suna. Sai suka hayayyafa. Wani ya zo ya taya biyu, na sayar. Kafin shekara ta zagayo ina ɗaura kwandon tattabaru a bayan keke tare da fatu, ina faɗa da yara wai sun bar shaho ya ɗauke mini jari. Mahaifiyarka ta tsaya ta dube ni ranar nan ta ce, "Malam, kai ko inuwa anka ba ka, sai ka kai ta kasuwa." Na yi fushi kwana biyu, saboda gaskiya ta faɗa.

Wannan shi ne tarkon irinmu 'yan kasuwa. A Jega za a ga hularka a yaba, wani zai ce ka ɗinka masa zai saya. Kada ka yarda. Ranar da ka sa mata farashi ta zama aiki, za ka fara sauri, za ka fara jin haushin zare in ya harɗe. Ka ɗinka ka sa, ko ka ba Sa'adu, ko ka yi kyauta. Ka bar abu guda a rayuwarka wanda ba ya hawa sikeli.

Akwai kuma wanda ya fi ba ni kunya. Mahaifiyarka tana da ƙawaye da sukan taru a gidan maƙwabta bayan azahar da abawa da mazari, suna kaɗi suna hira, wani lokaci har da 'yan waƙe-waƙensu. Ni da ba na zama, sai na ga kamar ita ma bai kamata ta zauna ba. Na ce zaren da suke kaɗawa bai kai surutun da suke yi ba, ta riƙa yi a ɗakinta. Ba ta yi musu ba, ta daina zuwa. Zare ya ƙaru, gaskiya, amma gidan ya yi shiru. Sai bayan shekaru na lura ta daina waƙa ko a bakin dutsen niƙa. Da na ce ta koma, biyu daga cikin ƙawayen sun rasu, ɗaya ta bi ɗanta wani gari. Na nemi gafararta ta yafe, amma waƙar ba ta dawo ba.

Matarka za ta sauka garin da ba ta san kowa ba, babu uwa babu 'yar'uwa. In ta sami matan kirki da za ta riƙa zama da su, kada ka ƙirga mata lokaci. In ka dawo ka ji dariya a tsakar gida, kada ka yi gyaran murya don a yi shiru. Ka zauna ka ci tuwonka a zaune, ka bar yara su gama labarinsu ko da ba shi da kai ba shi da gindi.

Na san nauyin da ke kanka, kada ka ga kamar ban sani ba. Bakuna da yawa suna jiran hannunka, har da nawa. Shekarun nan da kake ciki su ne masu wuya: na sama sun tsufa sun jingina da kai, na ƙasa ba su kai su taimaka ba, kai kuma ƙarfin ya fara ja baya amma ba ka isa ka faɗa ba. Ba ina cewa ka yi sakaci da aikin mutane ba. Ka riƙe amana, ka tsai da salla a kan lokacinta. Abin da nake roƙo kaɗan ne, daga la'asar zuwa kiran magariba, ko sau biyu a mako. In ya zama abin da za ka aiko mana zai ragu saboda haka, to ya ragu, na yafe tun yanzu. Mun fi bukatar ka dawo da ƙafafunka da a kawo mana kai a kan jaki.

Yanzu ka buɗe ƙunshin. Jakar ɗinkinka ce, na tsince ta daga gindin rumbu na kaɗe mata ƙura, allurar tana nan inda ka soke ta. Ƙaramar jakar ja kuwa ita ce ta Alu, tsinkayen suna ciki, goma sha biyu cif, har da ukun da ya ci mini. Shekara talatin suna ƙarƙashin buzuna, ban sake taɓa dara ba. Motarku za ta bi ta Shagari, direba yakan tsaya shan ruwa. Tsamiyar tana hannun dama kafin a shiga kasuwa. Ka sauka ka yi wa Alu addu'a a madadina.

In ka isa Jega ka nemi inda dattawa ke dara, ba za a rasa ba. Ka zauna ka koya, tunda ni na hana ka koya kana yaro. Wasu malamai ba sa son ta, na sani, saboda masu sa caca a ciki da masu barin salla ta wuce. Kai kada ka sa ko ƙwayar goro, kuma da ladan ya ɗaga murya ka miƙe. Za su cinye ka da farko, su yi maka gori. Ka bar su su yi, gorin ma yana cikin maganin.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa albarka a cikin nemanka da hutunka, Ya raya maka su Sa'adu, Ya sa ka gama da mu lafiya. Mahaifiyarka ba za ta faɗa ba, ka san ita ma kunyarka take ji, amma tun shekaranjiya take soya maka abin hanya tana share ido da bakin zane.

Saura abu ɗaya. In Allah Ya kai mu babbar Salla za ka zo gida, ka zo da tsinkayen. Har yau ina riƙe da yadda wasan nan yake zaune, gurbi bayan gurbi, na gani sau da yawa daga kan keke. Zan haƙa a ƙofar zaure bayan la'asar, in jera shi yadda muka bar shi. Ni zan zauna a mazaunin Alu, kai ka zauna a nawa. Na yi tunani a kan kunyar da ke tsakaninmu, na ga ba za ta hana ba, domin a dara ba a kiran suna, ba a ma kallon fuska, ƙasa kowa yake kallo. Masu magana su yi ta yi.

Na riga na tsinto tsakuwata goma sha biyu, suna nan cikin ƙoƙo a bakin ƙofa. Kai ne da wasa.

Wassalam, daga mahaifinka.